Yadda Muka Biya Bashin Dutsen Miller Fork

Ranar da na fara jin cewa dutse ma yana da mai shi, muna cikin mota ne ni da wani abokin karatuna Ba'amurke, a gabashin jihar Kentaki ta Amurka. Shekarar 2012 ce, watanni kaɗan da zuwana karatu birnin Lexington. Shi ya fara ja na zuwa gidan motsa jiki inda ake koyon hawan bango, daga nan kuma ya ce lokaci ya yi da zan taɓa dutse na gaske. Tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa yankin da ake kira Red River Gorge, wani kwazazzabo mai tsawo da ruwa ya sassaƙa cikin dutsen yashi, duk ya cika da bangaye masu rankwafowa kamar za su faɗo wa mutum a ka. Muna wucewa ta bakin wani daji sai ya rage gudu, ya nuna mini da baki, ya ce a can ya koyi hawa, amma yanzu an rufe. Wurin sunansa Roadside, kuma masu filin sun rufe shi ne a 2011.

Na ce masa, ta yaya za a rufe dutse? Mu a wajenmu duwatsun bayan gari yara ke hawa da awaki, ban taɓa jin wani ya ce nasa ne ba. Ya yi mini bayani cewa wani sashe na kwazazzabon yana cikin gandun dajin gwamnatin tarayya mai suna Daniel Boone, amma da yawa daga cikin bangayen da suka fi kyau, musamman na kudu, suna kan filayen mutane ne. Mai fili yana iya barinka ka hau shekara goma, ran da ransa ya ɓaci, ko ya ji tsoron wani zai faɗo a kai shi kotu, ko ya mutu magada suka sayar, shi ke nan sai ka tarar da sarƙa a ƙofa.

Dutsen da muka hau a ranar yana cikin wani fili da ake kira Pendergrass-Murray, eka 750. A kan hanyar shiga ana wuce injinan zuƙo mai suna ta sunkuyawa suna ɗagowa, domin man da ke ƙarƙashin ƙasar na wasu ne daban, saman ƙasar ne kawai na masu hawa. Ƙungiyar masu hawan dutse ta yankin, Red River Gorge Climbers' Coalition, wadda aka kafa a 1996, ita ta sayi filin a 2004 kan dala 325,000, ta kuma kwashe shekara takwas tana biya har ta gama a 2012. Wato a shekarar da na iso aka sauke nauyin. Na shiga, na hau, na fita, ba wanda ya karɓi ko sisi a hannuna. Abin ya tsaya mini a rai a hanyar komawa. Na ci tuwon da ban san wanda ya yi noman ba.

A 2013 labari ya fito cewa ƙungiyar ta sake sayen wani fili, Miller Fork, eka 309 a ƙaramar hukumar Lee, kan dala 245,000. Ƙungiyar ta zuba dala 35,000 daga asusunta. Access Fund, wata ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya da ke kare wuraren hawan dutse tun 1991, ta ba da tallafin dala 10,000 da rancen dala 200,000. Yadda rancen nan yake aiki shi ya fi burge ni. Idan fili ya shigo kasuwa, mai sayarwa ba zai jira a gama yawo da ƙoƙon bara ba, mai katako ko mai gina gidajen haya zai riga ka. Don haka tun 2009 Access Fund ta ware wani asusu da take ba ƙananan ƙungiyoyi rance cikin gaggawa, su saya yau, su tara kuɗin daga baya. Duk abin da aka mayar ba ya zama, wani dutsen yake tafiya saya a wata jihar. Da aka yi mini bayanin sai na ce ai wannan adashi ne: yau kwasarka, gobe kwasar wani, kuma wanda ya yi jinkirin zubi ɗan'uwansa ya tare wa hanya.

Na sa sunana cikin masu aikin sa kai. Na zaci za a ba ni shebur, sai aka ce abin da aka fi bukata shi ne masu zama a teburi su nemi gudummawa. Nan gabana ya faɗi. An rene ni a gidan da roƙo abin kunya ne, mahaifina ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa hannu. Ga shi kuma ni baƙo ne, baƙar fata ɗaya tilo a mafi yawan wuraren da ake hawan, da harshen da sai na maimaita magana sau biyu kafin a gane. Amma na riga na ce to.

Mai gidan motsa jikin da nake zuwa ya yarda in riƙa ajiye teburi kusa da ƙofa ran Talata da Alhamis da yamma, lokacin da mutane suka fi cika. Kayan aikina su ne babbar kwalba mai faɗin baki, hoton wani bango na Miller Fork, takardar rubuta suna, da kwamfutata don wanda yake so ya biya da kati ta shafin ƙungiyar. Daren farko na zauna awa uku. Mutane suna shigowa da jakunkuna a baya, su kalli teburin, su yi murmushi, su wuce. Da na ƙirga abin da ke cikin kwalbar, dala 14 ne, kuma biyar a ciki tawa ce da na fara sakawa don kada ta zauna wayam.

Sati uku ana haka. Na lura cewa ba rowa ce ta hana su ba. Yawancinsu ɗalibai ne da masu ƙananan ayyuka, wasu ma a mota suke kwana lokacin kaka don su samu hawa. Idan suka ga an rubuta dala 200,000 sai su ji abin da ke aljihunsu bai isa a fito da shi ba. Wata dare ina lissafin aikin makaranta sai na ɗauki kuɗin filin na raba da yawan eka. Kowace eka ta tashi kusan dala 800. Na sake rabawa, sai na ga dala 20 tana sayen murabba'in mita kusan ɗari. Fuloti guda irin namu, hamsin a ɗari, bai kai dala ɗari ba. Washegari na zana taswirar filin a babban kwali, na ja layuka na yanka ta ƙananan gidaje, na sayo alƙaluma masu launi. Duk wanda ya ba da dala 20 sai ya shafe gida ɗaya da hannunsa. Na riƙa gaya musu a fili cewa ba mallakar wurin suke yi ba, alama ce kawai ta abin da kuɗinsu ya ɗauke daga bashin.

Abin ya canza daga ranar. Mutum zai tsaya yana neman gidan da ke jikin dutse, ba ya son na cikin rafi. Abokai biyu su haɗa goma-goma su shafe gida ɗaya, rabi ja rabi shuɗi. Wata yarinya 'yar shekara tara ko goma, wadda take hawa fiye da ni nesa ba kusa ba, ta zo da mahaifinta ta juye tsabar da ta tara a kan teburin. Ba ta kai ashirin ba. Wani da ke tsaye a bayansu ya cike mata bai ce komai ba, ya wuce ya ɗaura ɗamararsa. Har yau ina iya nuna gidan da ta shafe a zuciyata, kore ne, can gefen hagu.

Na koyi wasu abubuwa da ba wanda ya koya mini. Kada ka tare mutum yana shigowa, hankalinsa na kan bango. Bari sai ya gama, hannuwansa sun mutu, yana zaune yana kwance igiyar takalmi. Kada ka fara da maganar kuɗi, tambaye shi wane dutse ya fi so a kwazazzabon. Sau da yawa zai ambaci wani bango da ke cikin Pendergrass-Murray, sai in ce masa wasu ne suka biya wannan shekara takwas kafin ya zo. Da yawa ba su sani ba. Kuma idan mutum ya ce ba shi da shi, ka gode masa da gaske, domin watan gobe yana iya samun aiki. An yi haka ba sau ɗaya ba.

Akwai masu jayayya, kuma wasunsu suna da hujja. Wani dattijo da ya fara hawa a wurin tun kafin a haife ni ya ce mini shi ba ya murna da wannan saye. A ganinsa, da zarar an buɗe wuri an share hanya an yi wajen ajiye motoci, jama'a za su kwararo, su tattake gindin duwatsu, karnuka su cika daji, shirun da ya sani ya tafi. Na ce masa, "Baba, gaskiyarka. Amma in ba mu saya ba wani zai saya, kuma shi ba zai tambaye mu ba." Bai ba da ko kwabo ba a ranar. Bayan wasu watanni na gan shi a wajen aikin hanya yana jera duwatsun matakala, ya fi kowa iyawa. Ban taɓa ganin ya sa kuɗi a kwalbata ba, kuma ban sake tambayarsa ba. Damuwarsa ba ta banza ba ce. Akwai wata ciyawa mai furen rawaya da ba ta fitowa ko'ina a duniya sai ƙarƙashin rumfunan dutse na wannan kwazazzabo, kuma tattaka ce babbar abokiyar gabanta. Sai da aka yi shekaru ana killace wurarenta ana wayar da kan mutane kafin gwamnati ta cire ta daga jerin tsirran da ke cikin haɗari a 2016.

Wata Juma'a na kira gida, muna hira da mahaifina ya tambaye ni abin da nake yi da yammacina. Na gaya masa muna tara kuɗin sayen dutse. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Dutse kuma? Fasawa za ku yi ku sayar da tsakuwa?" Na ce a'a, Baba, saya muke don kada a fasa, kada a rufe. Ya ce to wa zai gada? Na ce ba kowa, kowa kuma. Ya sake yin shiru, ya ce, "To ai wakafi kenan. Ka riƙe amana, kuɗin jama'a wuta ne. Kome ka karɓa ka rubuta." Tun daga ranar kunyar da nake ji ta ragu ƙwarai. Na tuna shi kansa yana cikin masu zagayawa da kwano lokacin da ake ginin masallacin unguwarmu, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan roƙo. Na sayi ƙaramin littafi, kowane dare in ƙirga kuɗin a gaban ma'aikacin da ke rufe ƙofa, mu sa hannu mu biyu, ƙarshen wata in miƙa wa ƙungiya.

Babban taron shekara shi ne Rocktoberfest, bikin da ƙungiyar ke shiryawa kowace Oktoba, lokacin da sanyi ya fara sauka, ganye ya rine ja da rawaya, dutse kuma ya fi kama hannu. Mutane na zuwa daga jihohi masu nisa har da ƙasashen waje. Kamfanonin kayan hawa suna kafa rumfuna, suna ba da igiyoyi da takalma kyauta don a sayar ko a yi gwanjo, ƙwararru suna koyar da darussa, abin da aka samu ya tafi ga ƙungiya. A nan na gamu da wani abu da sai da na yi tunani. Ɗaya daga cikin hanyoyin tara kuɗi a irin wannan taro ita ce sayar da tikitin ƙuri'a, wanda lambarsa ta fito ya ɗauki kaya. Zuciyata ba ta kwanta da in sayar da wannan ba, haka ma teburin abin sha. Na faɗa wa wadda ke raba aiki, ba ta ja maganar ba, ta mayar da ni wajen riguna da rajistar mambobi. Daga baya na ga ni na ci riba, domin a teburin rajista ne ake samun masu amincewa a riƙa cirar wani abu daga asusunsu duk wata. Dala goma a wata ba ta da armashi a ido, amma ita ce kuɗin da ma'aji zai iya dogara da ita ya san abin da zai biya a watan Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta kori kowa daga dutse.

Shekara ta biyu da ta uku su ne masu wuya. Zumuɗin sayen sabon fili ya wuce. Miller Fork ta buɗe, masu buɗe hanyoyin hawa suna ta huda dutse suna kafa ƙusoshin ƙarfe, yawanci da kuɗin aljihunsu, hanyoyin sun kai ɗaruruwa, mutane na hawa kowane ƙarshen mako. Sai ka ji mutum ya ce, "Ashe ba a gama biya ba? Ai na zaci namu ne." Namu ne, amma da bashi a kai. Ga shi a daidai lokacin wata ƙungiyar ma tana neman kuɗi a hannun mutanen nan guda. Rick da Liz Weber, ma'auratan da suka sayi Muir Valley, wani kwarin hawan dutse a yankin, suka buɗe wa jama'a kyauta, sun ce za su miƙa kwarin ga ƙungiyar Friends of Muir Valley in ta tara dala 200,000 na kula da shi. An tara, aka miƙa a 2015. Na yi murna ƙwarai, ni ma na ba da nawa, amma aljihu ɗaya ne ake shiga sau biyu, kuma kwalbata ta ji a jikinta. Akwai daren da na koma gida da dala shida.

Abin da ya riƙe ni a lokacin shi ne ranakun aikin hanya. Sayen fili rabin aiki ne. Sai an yi hanyar mota, an zuba tsakuwa, an ɗora gadoji a kan rafi, an yanka hanyar ƙafa a gefen tudu yadda ruwan sama ba zai cinye ta ba. Mukan taru da sassafe, a raba diga da shebur da zarto, a kasa mu rukuni-rukuni. Gayya ce sak, sai dai babu makaɗi. Na ɗauki katakon gada a kafaɗa tare da likita da makanike da wani yaro mai wanke kwanuka a shagon Miguel's Pizza da ke garin Slade, inda masu hawa ke kafa tantuna a bayan shago. Da yamma kowa ya yi butu-butu da laka, ba ka bambance mai kuɗi da talaka. Na riƙa ɗaukar hotunan aikin ina mannawa a teburina, domin mutum ya fi sakin hannu idan ya ga gadar da ya taka jiya ya san daga inda katakonta ya fito.

Akwai kuma mutanen garin, waɗanda muke wucewa ta ƙofar gidajensu. Ƙaramar hukumar Lee, mai hedikwata a Beattyville, tana cikin mafiya talauci a Amurka. Katako da mai da gawayin ƙasa sun yi zamaninsu a yankin sun ja baya. Wata rana a gidan mai wani tsoho ya ga igiya a bayan motarmu, ya tambaye mu me muke nema a jikin dutsen da kakansa ya ɗauka ba shi da amfani don ba a noma shi. Ba da faɗa ya yi tambayar ba. Na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina. A 2016 masu bincike a jami'ar Eastern Kentucky, ƙarƙashin James Maples, suka fitar da ƙiyasin cewa masu hawa na kashe kimanin dala miliyan 3.6 a shekara a yankin. Na riƙa ambaton adadin a teburi, yana kuma aiki, musamman wajen masu shaguna da muke neman su tallafa. Amma ra'ayina har yanzu shi ne, adadi a takarda ba ya maye gurbin ka rage gudu a kan hanyar tsakuwa, ka ɗaga wa mutum hannu, ka sayi burodinka a shagon garin maimakon ka ɗauko daga birni.

A 2017 ƙungiyar ta biya kason ƙarshe na rancen Miller Fork. Tare da haka aka rubuta wata yarjejeniya a kan filin da kuma na Pendergrass-Murray, aka damƙa wa Access Fund riƙonta. Yarjejeniyar tana manne da takardar filin ne, tana bin sa ko da ya canza hannu, ta hana a mayar da shi wani abu daban, ta kuma tabbatar da cewa za a ci gaba da hawa. Da na karanta sanarwar a wayata ina ɗakin karatu, na fita waje na kira mahaifina. Na ce masa maganarsa ta tabbata, an rubuta wakafin. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Littafin naka fa, ya cika daidai?" Na ce ya cika. Abin da ya bi ta hannuna cikin shekara huɗu bai kai kashi biyu cikin ɗari na bashin ba. Sauran ya fito ne daga bukukuwa, da kamfanoni, da mambobi, da wasu teburan a wasu garuruwa da ban taɓa ganin masu zama a kansu ba.

Ba mu samu hutu ba, domin a wannan shekarar ce ƙungiyar ta ɗauki wani sabon rance ta sayi Bald Rock, eka 102, filin da Motherlode yake ciki, ƙaton kogon nan da ƙwararru ke tsallako teku don su gwada ƙarfinsu a jikinsa. Ni kuma karatuna ya zo ƙarshe, tikitin komawa gida yana hannuna. A makon ƙarshe na je Miller Fork da abokin nan nawa, ya riƙe mini igiya na hau wata hanya mai sauƙi da nake so, na daɗe a sama ina kallon dajin kafin in ce ya sauke ni. Ran Alhamis na koma gidan motsa jiki, na jiƙa tsohuwar takardar da ke jikin kwalbar na ɓare ta, na manna sabuwa mai sunan Bald Rock. Yarinyar nan mai koren gida, wadda yanzu ta kusa kamo ni a tsawo, ita da mahaifinta suka karɓi teburin. Na nuna mata yadda ake rubuta littafin, kwanan wata a hagu, adadi a dama, sa hannu biyu a ƙasa. Taswirar Miller Fork kuwa na naɗe ta na sa a akwati, akwai gidaje da yawa a jikinta da ba a shafe ba.